Aji Uku, Harshe Huɗu: Yadda Na Sake Auna Ɗalibaina

Makarantarmu tana wani ƙauye ne a yammacin jihar Kebbi, can gefen iyaka, inda mutum zai karya kumallo a Najeriya ya yi sallar azahar a Gaya ta jamhuriyar Nijar. Babbar kasuwarmu ita ce ta Kamba. A bakin titi da ƙofar masallaci Hausa ake yi, shi ya sa baƙo yake ɗaukar kowa Bahaushe ne. Sai ka tsallaka zaure za ka ji Zabarmanci ko ɗan uwansa Dandanci, in ka miƙa bayan fadama kuma ka tarar da rugagen Fulani.

A watan Satumba hedimasta ya ba ni aji uku, yara sama da tamanin, ya haɗo mini da rajista da takardar sakamakonsu na aji biyu. Da na bi sunayen daga sama zuwa ƙasa sai na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Na saman duk 'ya'yan cikin gari ne. Na ƙasan kuwa kusan dukkansu daga ruga suke, ko daga unguwar Zabarmawa ta bakin ruwa. Allah bai raba basira unguwa-unguwa ba. Cikin na ƙarshen har da wata yarinya Bafulatana mai sifili a lissafi, wadda na sani sarai domin wurin mahaifiyarta nake sayen nono, kuma yarinyar ce take ba da canji. Ban taɓa jin an dawo ana cewa ta yi kuskuren naira ɗaya ba.

Abin da na fara yi shi ne sanin wa yake jin me. Na tambaya a cikin aji, kowa ya ce Hausa. Yaro ba zai ɗaga hannu gaban tsaransa ya ce shi Fulatanci ake yi a gidansu ba, ya san da an fita tara za a tsokane shi. Sai na sauya tambayar, na riƙa yin ta ɗaya bayan ɗaya: da wane yare kakarka take kiranka cin tuwo? Wanda ya yi shiru kuma na bi shi gida bayan la'asar. A nan zamana mace ya yi mini rana, domin gidan da malami namiji zai tsaya a zaure ni har kuryar ɗaki nake shiga, kuma harshen gida a bakin uwa yake. Akwai gidan da maigidan ya rantse mini 'ya'yansa Hausa kawai suke ji, na shiga ciki na tarar sai da maƙwabciya ta yi mana tafinta ni da uwargidan. A ruga na fara gaida Arɗo, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Malama, tunda aka buɗe makarantar nan ba wanda ya taɓa tako wurin nan sai in yaro ya yi laifi." Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kira matan.

Na sayi littafi mai kauri na ba kowane yaro shafi guda. A sama na rubuta abu uku: harshen gidansu, iya inda Hausarsa ta kai, da kuma ko ya yi makarantar allo ko wata makaranta kafin tamu. Wannan na ukun ya fito mini da yara kaɗan da suka fara lakwal, wato makarantar boko, a Nijar da Faransanci kafin iyayensu su dawo nan.

Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, ya daɗe yana cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune. Bugun 2004 ya ƙayyade shekara uku na farkon firamare, Turanci yana matsayin darasi, sannan daga aji huɗu a juya. Magana ce mai kyau. Amma wanda ya zauna da littafin nan nawa zai tambaya: a ƙauyenmu wane ne harshen wurin? In aka ce Hausa, an taimaki fiye da rabin ajin, sauran kuwa an rage musu nisa ne kawai. Yaron ruga mai shekara takwas yana koyon Hausa a kasuwa, yana koyon Larabci a makarantar allo, ga Turanci a kan allo, kuma da Turancin ake kawo takardar jarrabawar ƙarshen zango.

Daga nan sai gwaji. A wata bita da na halarta lokacin hutu an nuna mana yadda ake gwada karatun yaro baki da baki: a miƙa masa kwali mai baƙaƙe da wasula, a ga nawa zai furta cikin minti ɗaya, sannan gaɓoɓi, sannan kalmomi, sannan ɗan gajeren labari da tambayoyin auna fahimta. Na ɗauki wannan na ƙara masa abu guda. Kowace tambaya ina yin ta hawa uku. Da farko yadda takarda take yin ta, da Turanci. In yaro bai amsa ba in maimaita da Hausa. In har yanzu shiru, a yi masa da harshen gidansu. Abin da nake rubutawa ba ya tsaya ga ya ci ko bai ci ba, har da a hawa na nawa ya amsa.

Ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan ajinmu muke zama lokacin tara, kullum 'yan kaɗan, har muka gama ajin. Maigadinmu Bazabarme ne, dattijo, shi ya zama tafintana na farko. Ta Fulatanci kuma wata ɗalibar aji shida ce. Wahalar da na sha da su ita ce tausayi. Baba maigadi in ya ga yaro ya sunkuyar da kai sai ya cusa amsar cikin tambayar, ni kuma ba na ji. Na gane haka ne da na ga duk yaron da ya bi ta hannunsa yana cinye komai. Na ce, "Baba, don Allah tambayar kaɗai za ka faɗa, in bai sani ba ka bar shi, rashin sanin nasa nake nema in gani." Ya ce, "To Malama, amma wanga yaro jikan abokina ne." Sai da na haddace ƙirga na harsunan biyu, go'o, ɗiɗi, tati na Fulani, afo, ihinka, ihinza na Zabarmawa, har zuwa goma da abin da ya ɗara, domin in lamba ta fito daga bakin tafinta wadda ba ta cikin tambayata in kama ta. Yaran sun sha dariyar yadda nake furtawa, kuma dariyar nan ta sassauta su fiye da duk lallashin da na yi.

Ranar da aka zo kan yarinyar nan mai nono, na nuna mata lissafin ɗebewa a kwali na karanta da Turanci. Ta kalli ƙasa. Na faɗa da Hausa, ta ja gefen mayafinta ta sa a baki. Sai na ce wa ɗalibar aji shida ta ce mata: Inna ta sayar da nono na naira 150, mai saye ya ba da 500, nawa za a mayar masa? Ba a rufe baki ba ta amsa, ɗalibar ta juyo ta ce mini 350. Na ƙara mata mai wuya, da masu saye biyu, ɗaya ya ci bashi. Ta ɗan motsa yatsu a kan gwiwarta, ta faɗa daidai. Amma da na rubuta 35 da 53 a ƙasa na ce ta nuna mini babba, ba ta iya ba, kuma alamar tarawa da ta ɗebewa duk ɗaya suke a wurinta. To ka ga yanzu na san abin da zan koya mata. Lissafin yana kanta, rubutunsa ne babu. Sifilin da ke takarda bai gaya mini ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Jarrabawar da ake yi wa irin wannan yaro da harshen da ba ya ji kamar a ɗora buhun gero da na dawa ne a kan sikeli ɗaya, a faɗa maka nauyinsu a haɗe, sannan a ce ka faɗi nauyin geron. Harshe da sani aka auna tare, aka ba mu lamba guda.

Wani yaro daga cikin 'yan lakwal ya fito da nasa salon. Duk inda amsa take da 1 an soke masa a littafinsa na bara, domin a makarantun Faransanci ana yi wa 1 dogon ƙugiya ta gaba, har ta yi kama da 7 ɗinmu, su kuma 7 ɗinsu suna ratsa mata layi a tsakiya. Yaron yana rubuta 14 ana karanta 74. Ga shi rubutunsa a haɗe yake, mai kyau, kuma yana karanta gaɓoɓin Hausa da sauri tunda baƙaƙen ɗaya ne. Minti goma na yi da shi a kan allo aka wuce wurin.

Su kansu 'ya'yan Hausawa ba su tsira ba. Mu nan Kabanci muke yi, littafi kuwa da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi. In na yi shifta na ce "tafiya", yaro ya maimaita a ransa yadda ake faɗa a gidansu ya rubuta "tahiya", ko ya rubuta "hwara" a maimakon "fara". A ƙa'idar rubutu kuskure ne, kuma ina gyara shi. Amma yaron da ya yi wannan kuskuren ya riga ya iya abu mafi wuya, wato ya ji sauti ya nemo baƙinsa. Ba ɗaya yake da wanda ya zana baƙaƙe barkatai ba, bai kamata jan biro ɗaya ya hau kansu ba.

Kada a ɗauka kowa ya zama gwani da aka yi masa da harshensu. Akwai waɗanda aka bi hawa ukun duka ba su amsa ba, Hausawa da Fulani da Zabarmawa, waɗannan koma-baya ne na gaske, yawanci saboda fashin makaranta lokacin korar tsuntsaye a gonakin shinkafa. Akwai kuma wani yaro da kowa yake cewa Hausa ce ba ya ji, ashe kunnensa ɗaya ne yake ruwa. Maigadi ne ya lura yaron yana juyo masa gefe guda kullum. Na gaya wa mahaifinsa aka kai shi asibiti, na dawo da shi bencin gaba.

Da na gama sai na sake fasalin ajin. Sa'ar farko ta safe na raba su rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya a karatu: masu baƙaƙe, masu gaɓa, masu kalma, masu labari. Dabara ce da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, a koyar da yaro daga matakin da yake, ba daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai ba. Wata abokiyar aikina ta ba ni shawara in raba su bisa yare, Fulani gefe, Zabarmawa gefe, wai zai fi sauƙi. Na ƙi. In na yi haka na mayar da unguwannin garin cikin aji, kuma yaron ruga ba zai ƙara jin Hausa daga bakin tsaransa ba. Abin da na yi shi ne kowane benci na sa yaro ɗaya mai harshe biyu, na kuma halatta raɗa. In na yi bayani sai in tsaya in ce, kowa ya gaya wa na kusa da shi abin da na ce, da yaren da ya ga dama. Ajin yakan kaure da surutu, har hedimasta ya taɓa leƙowa ya ga ko ba na ciki.

Waɗanda suka yi nisa a makarantar allo, suka wuce babbaƙu suka shiga farfaru, su suka fi saurin kama gaɓa. Na ce musu abin da malaminku yake yi in ya ɗora wasali a kan baƙi, shi muke yi a nan, sai dai mu daga hagu muke farawa kuma wasalinmu a gefe yake zama. Cikinsu akwai 'ya'yan ruga da dama, kuma a karon farko aka ga su ne suke nuna wa 'yan cikin gari abu.

A bango na manna kwalaye, kowane da zane ɗaya: saniya, kifi, kwalekwale, rijiya, shinkafa. Ƙarƙashin zanen sunansa da Hausa, da Fulatanci, da Zabarmanci, da Turanci. Yaran ne suke kawo kalmomin daga gida. Wata rana wata tsohuwa ta zo har makaranta da sandarta domin jikarta ta gaya mata abin da aka rubuta ƙarƙashin kwalekwale, ita kuma ta ce ba haka ake faɗa a wajensu ba. Na ba ta kujera, muka ƙara nata a gefe.

Tambayar nan ta "Kun gane?" na daina yin ta. Amsarta ɗaya ce tun zamanin da muke ɗalibai: "E, Malama!" Wanda bai ji ko kalma ɗaya ba shi ya fi ɗaga murya. A maimakonta kowane yaro yana da ɗan kwali da aka shafa wa baƙin fenti da guntun alli. Kafin a tashi darasi in ba da tambaya ɗaya, kowa ya rubuta ko ya zana, a ɗaga sama lokaci guda. Da kallo ɗaya nake ganin wane benci ne bai samu ba. In sun yi yawa, gobe ba sabon darasi, wannan ɗin za a sake ta wata hanya, da tsakuwa ko marafan kwalba ko kara. Wannan ya sa na kasa cinye manhajar zangon, kuma na rubuta hakan a littafin darasi yadda yake.

Turanci kuwa kullum yana da lokacinsa, da baki kafin rubutu. Na ware kalmomin umarni da takardar jarrabawa take zuwa da su, irin su ja layi a ƙasa, kewaye, cike gurbi, haɗa wannan da wancan, muka mayar da su wasa a tsakar makaranta. Yara da yawa sun san amsa, abin da aka ce su yi da ita ne ba su gane ba.

Inda aka ja daga shi ne wurin maki. Kason da ke hannun malami, na gwajin cikin zango, na raba shi biyu: makin sani da makin harshe. In darasin lafiya ne na tambayi abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, yaro ya zana sauro da kwatami ya yi bayani da Zabarmanci, ya ci makin sani cikakke, makin harshe kuma ya samu gwargwadon abin da ya iya faɗa da Hausa ko Turanci. Hedimasta ya duba ya ce, "Malama, aikinki ya yi kyau, amma takardar sakamako gurbi ɗaya ta ba mu." Na ce, "Ranka ya daɗe, a cike gurbin yadda aka saba, ni dai a bar ni in maƙala 'yar takarda a baya." Ya yarda. A 'yar takardar nan nake rubuta layi biyu da Hausa: abin da yaro ya iya, da abin da muke kai yanzu. Iyaye da ba su taɓa tambayar komai ba sai "na nawa ya zo" suka fara kai ta wurin mai karanta musu.

A taron iyaye da malamai wani magidanci ya miƙe. "Malama, ni Turanci na kawo yaro ya koya. Zabarmanci ai ya ishe shi gida. Mi za ya yi da shi wurin jarrabawa?" Maganarsa tana kan hanya, domin ba za a yi wa ɗansa jarrabawar shiga sakandare da Zabarmanci ba. Na ce masa, "Baba, Turancin nake so ya kai gare shi, amma da saninsa a hannu." Na ba su labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci yana darasi, aka tarar ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi su. Bai ce ya gamsu ba. Ya ce zai gani a ƙasa, kuma haƙƙinsa ne.

Gwamnatin tarayya ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Nuwamban 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa za a koyar da harshen uwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Ra'ayina shi ne, ko da wane harshe aka ce a tsaya gaban allo a yi magana, ba dokar da ta hana malami ya bincika ko yaro ya fahimta, kuma ba a bincika fahimta da harshen da yaro ba ya ji. Hukumar UNESCO ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke fahimta. Nawa kason yana zaune a gabana kowace safiya, uku-uku da huɗu-huɗu a benci.

Jarrabawar ƙarshen zango ta zo da Turancinta kamar kullum. Ba wani abin mamaki da ya faru. Yarinyar nan ta tashi daga ƙasan takarda zuwa tsakiya a lissafi, Turancinta kuwa da saura sosai. Yaron lakwal ya shiga sahun gaba. Wasu ba su motsa ba. Abin da ya fi bayyana shi ne hannuwan da suke ɗaguwa daga bencin baya, da raguwar masu guduwa bayan tara.

Da rani ya kama, gidan su yarinyar suka tashi da shanu. Na kwafe shafinta daga littafina na ba mahaifiyarta, na ce duk makarantar da suka samu, ko ta 'ya'yan makiyaya ce irin waɗanda hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 take kula da su, a miƙa wa malamin kafin ya yanke mata aji. Malamar aji ɗaya kuma ta roƙi hedimasta a ƙara tambayar harshen gida cikin abin da ake tambayar iyaye ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, an kuwa ƙara.

Abin da ya rage mana shi ne abin karantawa. Na Hausa muna da kaɗan, na Fulatanci da Zabarmanci ko ɗaya babu. A Nijar tun 1973 suka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, daga baya har da Zabarmanci da Fulatanci, saboda haka akwai littattafan koyon karatu a can. Baba maigadi ya sa ɗan ƙanensa da yake zirga-zirgar Gaya ya samo mana guda ɗaya na Zabarmanci, tsoho, bangonsa ya fita. Yanzu shi muke kwafa a kwali shafi-shafi ni da malamar aji ɗaya, Baba yana zaune yana gyara mana furuci, muna kuma cigiyar na Fulatanci.